Mai Gemun da Ke Dawowa

A tashar Zuru, cikin bas ɗin Dirin Daji da ke jiran cika, wata dattijuwa na kallon fim a wayarta, saurayin da ke gefenta yana ta leƙe.

"Mama, har yanzu akwai masu kallon kaboyi? Ko kala babu fa."

"Ga ni kuwa, ɗana. Jikata ta sa aka tura mini."

"Tun ɗazu dutse ɗaya suke zagayawa. Kuma dokin da ɓarawo ya hau, shi ne mai kama shi ya hau."

"Doki ina ruwansa? Aikinsa yake yi."

"To dubi mai gemun can! An harbe shi a bakin rijiya, da idona na gani. Ga shi ya sake hula ya dawo."

"Sau uku ake kashe shi. Jira kaɗan, za ka gan shi yana shara a shago."

"Ashe kin sani, kuma kina kallo?"

"A bariki muka fara ganinsa da maigidana Sila, ana haska shi a jikin bango. Shi ma haka ya yi ta tsaki, wai wanda harsashi ya samu ba ya tsayawa dafe ƙirji yana jawabi."

"Ai da gaskiyarsa! Yana gida?"

"An kai su Laberiya, ɗana. Shi sau ɗaya aka harbe shi."

"Ayya, Mama. Allah ya jiƙansa."

"Amin. Matso kada wuyanka ya ƙage. Mai gemun ya kusa shigowa."