'Yata Tana Rubutu Amma Ba Ta Iya Karantawa

Salamu alaikum Malama, ina gaishe ki da masu sauraro. Ni ce Maman Asabe daga Nassarawo, Mubi. Ki yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya, 'yata Asabe ce ma ta koya mini.

Bara ta fara ciwon kai da faɗuwa. Hoton asibiti ya nuna jijiyoyin jini sun cukurkuɗe a ƙwaƙwalwarta. A wani babban asibiti aka ce ba sai an fasa kai ba, za a zura siririn bututu ta cinya a toshe wurin da wani irin gam. Likita ya ce akan samu matsala, amma ba kasafai ba. Ni dai "ba yanka" kawai kunnena ya riƙe.

Aka yi aikin, sai gam ɗin ya toshe har da jijiya mai lafiya. Yanzu tana magana, tana rubutu, amma ba ta gane ko harafi ɗaya. Sai ta rubuta sunanta ta miƙo mini, ta ce, "Mama, me na rubuta nan?"

Maƙwabta sun ce tunda babu tabo a kanta, jifa ne. Likita ya ce wurin da ya mutu ba ya farfaɗowa. Ta bar karatunta na poli, ta rabar da littattafanta.

Malama, ki tambayar mini likitan shirinku. In na ci gaba da koya mata abacada kamar yarinya, zai shiga, ko wahalar da ita kawai nake yi? Jiya na gwada, ta juya fuskarta bango.