Inda Tsuntsayen Ke Kwana

Laka ta bushe a takalman saurayin da ke zaune kusa da ni a tasha, kyamara mai dogon baki a cinyarsa. Wani dattijo mai ragar kamun kifi ya daɗe yana kallonta.

"Samari, wannan bindiga ce?"

"Kyamara ce, Baba. Tsuntsayen da sanyi ke korowa fadama nake ɗauka."

"Su suka ce maka suna son hoto?"

Saurayin ya yi dariya. "In sun tashi har rana suke rufewa. Makwancinsu ne na kasa ganowa."

"Wa kake kai wa hotunan?"

"Masu kula da su. In sun ga yawansu, sai su killace wurin, kada kowa ya shiga."

"Kowa? Har mai kifi?"

"To, wataƙila. Kai da kake shiga kullum, ai ka san inda suke kwana."

"Bayan tsibiri mana, inda nake kafa..."

"Kafa me, Baba?"

Saurayin ya sunkuya yana nemo hoton tsibirin. Kafin ya ɗago, dattijon ya saɓa ragarsa, ya bar motar da yake jira, ya nufi hanyar fadama.