Linzami Ba Doki

A tashar Arlit, ana jiran motar Tawa, wani dattijo mai suna Harisu ya ƙura ido ga linzamin da saurayin da ke gefensa ya rungume.

"Samari, na sayarwa ne?"

"A'a, Baba. Dokin ne ya mutu shekaranjiya."

"Allahu akbar. Me ya same shi?"

"Wahala ce. Wajen wani mai amalanken ruwa na karɓo shi, mutum marar imani. Kullum bulala, ga gyambo a baya, haƙarƙari duk a waje. Sai da na yi ta roƙonsa kafin ya sayar mini."

"Allah ya saka maka. Da ka kai shi gida fa?"

"Na kwance shi yana zufa, na cika masa baho da ruwan randa, ya shanye. Na juye masa gero wajen rabin buhu, na ce yau kam ci ka ƙoshi, ba mai dukanka."

Harisu ya gyara zama. Cikin dawaki ya tashi, ya san abin da gero mai yawa ke yi wa dokin da ya daɗe da yunwa.

"Cikinsa ya kumbura, yana ta birgima?"

"Wallahi haka aka yi! Dukan nan ne ya taru masa a ciki, ko Baba?"

Harisu ya dubi idanun saurayin, sun yi ja. Ya haɗiye maganar da ta zo masa baki.

"Kwanansa ne ya ƙare, ɗana."

Saurayin ya shafa linzamin a hankali.

"Na dai gode wa Allah, bai mutu da yunwa ba."