Filin da Kowa ke Gamuwa

A tashar Tambuwal, muna jiran motar Kebbe ta cika, wani dattijo ya leƙa wayar saurayin da ke gefensa.

"Samari, su wa ka faɗa nan ciki?"

"Gem ne, Baba, wasan waya. Ni da ƙanena da ke Legas muka bugawa. Wanga mai takobi daga wani labari yaf fito, wanga butum-butumi daga wani daban, anka tara su fili guda."

"To mi ad daɗin abin?"

"Tun muna yara muka gardamar wa zai ka da wani in sunka gamu. Yau ga su."

"Ko zamaninsu ba guda ba?"

"Ko ba guda ba."

Dattijon ya sake leƙa wayar, ya ce:

"Mahaifina ɗan kokawa ne, duk Jabo ba a taɓa kai bayanshi ƙasa ba. Ɗana Attahiru ya ɗauko ƙirjinshi, har tafiyarshi. Amma bai iske kakan nashi da rai ba."

"Wa kaka ganin zai yi kaye, Baba?"

"Kaye? Ni dai in gan su tsaye wuri guda, tsohon ya dafa kafaɗar yaron. Ko ba su kama juna ba."