Ta Bayan Amarya

A bakin ruwan Wara, Zaharaddeen mai hoto yana jiran kwalekwale, sai wata dattijuwa ta riƙe igiyar kyamararsa.

"Yaro, kai ka ɗauki hotunan bikin gidan Tamada?"

"Ni ne, Inna."

"Ɗiyata Hafsat tana cikin jirgin da ya kife da 'yan biki wajen dawowa. Ba ni da hotonta ko ɗaya. Nuna mani fuskarta."

Zaharaddeen ya yi salati, ya shiga latsa kyamara. "Wane kaya ta sa?"

"Koren mayafi. Tana bayan amarya, tana riƙe mata lema."

Ya samo hoton. Amarya ta fito tar, har gashin idonta ana gani. Bayanta kuwa sai kore dishi-dishi.

"Inna, haka muke saita gilashin, amarya ta fito, na bayanta su dushe. Shi ake yayi yanzu."

"To, fito da ita."

"Ba ya gyaruwa."

"Duba wani."

"Wallahi duk haka na ɗauke su."

Ta daɗe tana kallo, ta shafi wurin da yatsa.

"Wanke mani shi hakanan. Na san tsayuwar ɗiyata."