Kaba a madadin makullin fil

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni direban tarakta ne daga Gurbin Bore.

Da kakar bara na loda dammunan gero a tirela, sai na ga makullin fil ɗin da ke haɗa ta da tarakta ya ɓace, wato ɗan ƙarfen da ke hana fil ɗin fita. Kawuna, mai geron, ya ce, "Ɗaure da kaba, ɗana, ai ita ke riƙe dami." Na ji nauyin musa masa, na ɗaure. Ya hau saman kaya.

Muna haurawa daga rafi kabar ta tsinke, fil ya fita, tirela ta koma baya ta kife. Kawu ya karye a ƙugu.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: yaya ake ce wa babba a'a? Ina gaida Kawu, yana kwance yana saurare.