'Yar Ƙanwata Ba 'Yata Ba Ce?

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Hajara, daga unguwar Malam Inna a nan Gombe. Da ɓacin rai nake rubuto muku.

Bara aka zo unguwarmu ana rubuta talakawa a inshorar lafiya mai tallafi, a ba mutum kati ya ga likita kyauta. Na je da 'ya'yana uku da Safiya, 'yar ƙanwata da nake riƙo tun da aka kashe iyayenta a rikicin Borno. Mai rubutun ya ce, "Mama, duka naki ne?" Na faɗa masa gaskiya. Sai ya ajiye biro, ya ce tallafin na 'ya'yan ciki ne, ita sai dai in biya cikakken kuɗi. Ni mai suyar ƙosai, ina zan samo?

Maƙwabtana da suka ce "nawa ne" an rubuta musu ba wata tambaya.

Da damina zazzaɓi ya kama Safiya. Kwana uku ina ba ta maganin kemis, kafin in kai ta asibiti ta riga ta galabaita. Ta rasu tana kirana Inna.

A ina aka taɓa jin 'yar ƙanwa ba 'ya ba ce? Wa ya zauna a ofis ya raba mana 'ya'ya?

An ce mako mai zuwa masu rubutun za su dawo, kuma yanzu an kawo mini Bello, ƙanin Safiya. Malamai masu sauraro, ku ba ni amsa kafin ranar. In an tambaye ni, in ce nawa ne?